Me ya sa ake cewa "look forward to seeing", ba "to see" ba?

*"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar ofis ce, kusan kullum sai na rubuta wasiƙa da Turanci. Kwanan baya na rufe wata wasiƙa da 'I look forward to see you', sai shugabana ya ja layi a ƙarƙashin 'see' ya mayar da ita 'seeing'. Alhali tun a makaranta an koya mana cewa bayan 'to' ba a ƙara wa aikatau komai. An kuma taɓa yi mini gyara da na ce 'I will pick up it', wai 'pick it up' ake cewa, bayan kuwa 'pick up the file' daidai ne. Shin akwai ƙa'ida ne, ko sai dai mutum ya haddace komai?"*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambayoyi biyu kika kawo, amma jijiyarsu ɗaya: idan aikatau na Turanci ya shigo jimla, me yake yarda ya biyo bayansa, a wace siga, kuma wa ke gaba wa ke baya. Gyaran da aka yi miki duka biyun daidai ne. Abin da aka koya miki a makaranta ma ba ƙarya ba ne, rabin magana ce kawai aka ba ki aka riƙe rabi. Game da tambayarki ta ƙarshe kuwa, akwai ƙa'ida, kuma za ta kai ki nesa. Sai dai akwai wani ɓangare da ƙa'ida ba ta kaiwa, wanda sabo ne kaɗai ke shigar da shi, zan kuma nuna miki inda wannan iyakar take.

Bari mu fara da kayan aikin. Aikatau na Turanci yana da sigogi huɗu da ba sa nuna lokaci da kansu. Akwai tsurarsa, kamar *see*. Akwai tsura mai *to* a gaba, *to see*. Akwai mai *-ing* a ƙarshe, *seeing*. Akwai kuma siga ta uku, wadda muka rera a aji muna cewa *see, saw, seen*, wato *seen*. A duk jerin aikatau da ke cikin jimla, na farko ne kaɗai ke ɗaukar lokaci, sauran kuwa kowanne na gabansa ne ke zaɓa masa sigar da zai fito da ita. Ki dubi *She may have been waiting*. Kalmar *may* tsura take so, shi ya sa aka samu *have*, ba *has* ba. Ita kuma *have* siga ta uku take so, sai aka samu *been*. Shi kuma *be* mai nuna ci gaban aiki *-ing* yake so, sai ga *waiting*. Wanda ya gane wannan ba zai ƙara rubuta *Did you saw him* ko *She can sings* ba, domin *did* da *can* sun riga sun ɗauke nauyin lokaci, abin da ya rage wa na bayansu tsura ce. Duk abin da zan faɗa nan gaba wannan tsarin ne yake maimaita kansa: kalmar gaba ita ke da iko da ta baya.

"To" biyu ne a Turanci

Nan ne aka ba ki rabin magana. Kalmar *to* ba ɗaya ba ce, takwarori ne biyu masu suna ɗaya da aiki daban. Ta farko alama ce kawai da ake sa wa tsurar aikatau, ita ce ke cikin *I want to go* da *She decided to stay*. Ita malamanku suke nufi da suka ce ba a ƙara wa aikatau komai. Ta biyu kuwa 'yar gidan su *on*, *at*, *in*, *for*, *of*, *from* ce, ƙananan kalmomin nan masu nuna wuri ko dangantaka, waɗanda malaman nahawu ke kira harafi. Ita ce ke cikin *go to the office* da *listen to me*. Kuma harafi a Turanci suna yake nema a bayansa, ko wani abu mai aikin suna. Idan aikatau ne zai biyo shi, dole ya zama sunan aiki, hanyar da Turanci ke yin hakan kuwa ita ce *-ing*. Shi ya sa ake cewa *good at writing*, *tired of waiting*, *before leaving*, *without asking*. Ba wanda ke gardama a kan waɗannan. Gardama tana tasowa ne kawai idan harafin ya kasance *to*, saboda ido ya saba ganin takwararta.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai jin Hausa, kuma ina jin takaicin yadda ba a cika nuna wa ɗalibai hakan ba. Aikatau ɗinmu "zauna" ne, amma ba ma cewa "na gaji da zauna", cewa muke "na gaji da zama". Aikatau "ɗinka" ne, amma "ya ƙware wajen ɗinki". Bayan "da" da "wajen" mu ma sunan aiki muke kawowa, ba tare da wani ya zaunar da mu ya koya mana ba. Abin da Bature ke yi ke nan da ya ce *tired of sitting*.

Ga yadda za ki bambance takwarorin nan biyu, kuma shi ne gwajin da nake fara ba ɗalibaina. Nakan rubuta a allo *I look forward to* da *I want to*, in bar fili a gaban kowanne, sannan in ce su cike filin da *it* ko da *the meeting*. Nan take kunnensu ke ba su amsa. *I look forward to it* ta zauna daram, *I look forward to the meeting* ma haka. Amma *I want to it* da *I want to the meeting* ba Turanci ba ne, ko ɗalibin da ya fi kowa rauni yakan yamutsa fuska idan ya ji su. Galibi inda suna ya zauna bayan *to*, harafi ce, aikatau da zai maye gurbin sunan sai ya ɗauki *-ing*. Duk inda suna ya ƙi zama, alamar tsura ce. Saboda haka *I look forward to seeing you*, amma *I want to see you* da *I hope to see you*.

Ki gwada wannan a kan sauran 'yan uwanta za ki ga suna faɗawa ɗaya bayan ɗaya: *object to paying*, *confess to taking*, *committed to improving*, *when it comes to writing*, *with a view to expanding*, *prefer reading to watching*. Waɗannan a wasiƙun ofis suka fi yawa, kuma a nan ake yawan tuntuɓe.

Wadda ta fi su duka ruɗarwa ita ce *used to*, domin tana fitowa ta fuska biyu. *I used to sit here* na nufin a da nakan zauna a nan, yanzu na bari. Ba za ki ce *I used to it* ba, don haka tsura ke biyo ta. Amma *I am used to sitting here* na nufin na saba da zama a nan, kuma kina iya cewa *I am used to it*, *I am used to the noise*. Kin ga "saba da zama" ɗinmu ya sake fitowa. Ƙaramar kalmar nan *am*, ko *get* a cikin *get used to*, ita ce ta canza komai. Da yawa cikin masu koyo suna kuma ɗaukar *I used to* su yi amfani da ita wajen abin da suke yi har yanzu, su ce *I use to wake up early* suna nufin nakan tashi da wuri. Wannan sigar ba ta da lokacin yanzu a daidaitaccen Turanci, *I usually wake up early* ake cewa.

Idan kina son sanin dalilin da ya sa abu ɗaya ya rabu biyu, tarihi ya ba da amsa. A Tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila kafin wajen shekarar 1100, tsurar aikatau ba ta buƙatar *to*, ɗafa-ƙeyar *-an*, wato ɗan ƙarin da ke manne a ƙarshen kalma, ita ce alamarta, kamar *singan*, wato yin waƙa. Kalmar *to* a lokacin harafi ce zalla mai ma'anar "zuwa ga", kuma idan ta zo gaban aikatau sai ya canza ƙarshensa ya koma kamar *to singanne*, ma'ana domin yin waƙa. Da ƙarnoni suka shuɗe waɗannan ƙarshe-ƙarshen suka zube, *to* ta manne wa tsura ta zama alamarta, ita kuma tsohuwar harafin ta ci gaba da zamanta. Haka *-ing* ma abu biyu ne suka haɗe: akwai ɗafa-ƙeyar *-ung* ko *-ing* mai yin suna daga aikatau, akwai kuma *-ende* mai nuna wanda ke cikin yin aiki. A zamanin Turancin Tsakiya suka koma siga ɗaya. Shi ya sa tsofaffin littattafan nahawu ke raba *-ing* gida biyu, *gerund* idan yana aikin suna, *participle* idan yana aikin sifa ko ci gaban aiki, yayin da Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a babban nahawunsu na Kambirij na 2002, suka ce rabuwar ba ta da amfani a Turancin yau, suka haɗa su da suna ɗaya. A wajen koyarwa ina tare da su. Ban taɓa ganin ɗalibin da sanin bambancin sunayen nan biyu ya gyara masa jimla ba.

Idan aikatau ya bi aikatau

A nan ƙa'ida ke fara raguwa. Idan babu harafi a tsakani, aikatau na farko ne ke zaɓar ko *to* ko *-ing*. *Want*, *hope*, *plan*, *decide*, *agree*, *refuse*, *promise* suna ɗaukar *to*. *Enjoy*, *finish*, *avoid*, *mind*, *deny*, *keep*, *practise*, *suggest* suna ɗaukar *-ing*. Wasu kamar *begin*, *start*, *continue* suna karɓar duka biyun ba tare da wani bambanci mai nauyi ba.

Akwai zare da ke ratsa su. Masanin harshe ɗan Amurka Dwight Bolinger ya nuna tun 1968 cewa *to* tana karkata ga abin da bai auku ba tukuna, abin da ake nufa ko ake fata, shi kuwa *-ing* yana karkata ga abin da ya tabbata, an yi shi ko ana cikinsa. Wannan ragowar tsohuwar ma'anar "zuwa ga" ce. Ana son abin da ba a samu ba, don haka *want to go*. Ana jin daɗin abin da ake ciki, ana gama abin da aka riga aka fara, don haka *enjoy reading* da *finish writing*.

Inda zaren ya fi fitowa fili shi ne a kalmomin da ke karɓar duka biyun amma ma'ana ta canza. *I remembered to lock the door*: na tuna, sannan na kulle, ban sha'afa ba. *I remember locking the door*: na riga na kulle, yanzu hoton abin ne ke cikin kaina. A ta farko tunawa ce ta riga kullewa, a ta biyu kullewa ce ta riga tunawa. *We regret to inform you* labarin yana gaba, yanzu za a faɗa miki, *I regret telling him* kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe. *He tried to open the window* ya yi ƙoƙari, mai yiwuwa tagar ta ƙi. *He tried opening the window* ya buɗe ta ɗin, don ya ga ko ɗakin zai yi sanyi. Sai *stop*, wadda kuskure a kanta ke juya magana gaba ɗaya: *She stopped talking to him* ta daina yi masa magana, *She stopped to talk to him* ta tsaya domin ta yi masa magana. Ta farko gaba ce, ta biyu zumunci.

Sai dai kada ki riƙi wannan zaren kamar doka. *Avoid*, *consider* da *suggest* duk abin da bai auku ba suke magana a kai, amma *-ing* suke ɗauka. *Manage* kuwa abin da aka riga aka cimma take nufi, *She managed to finish*, amma da *to* take tafiya. Zaren yana taimaka wa mai koyo ya yi hasashe mai kyau kuma ya riƙe abin da ya koya, ba ya maye gurbin sanin kalmar ita kanta.

Inda wakilin suna ke zama

Yanzu ga tambayarki ta biyu, ita ma takwarori ne suka jawo ta. Kalmomi irin su *up*, *on*, *off*, *over*, *in*, *down* wani lokaci harafi ne na gaske, mai riƙe da sunan da ke bayansa. Wani lokaci kuma ɓangare ne na aikatau, sun haɗu da shi sun ba da sabuwar ma'ana, suna kuwa karɓau ne na aikatau ɗin baki ɗaya, wato abin da aikin ya faɗa wa. Ki kwatanta *He turned off the road* da *He turned off the light*. A ido ginin ɗaya ne. Amma a ta farko *off the road* dunƙule guda ne, ya kauce daga kan hanya. A ta biyu *turn off* ne dunƙulen, wato kashewa, fitila kuma ita aka kashe. Gwajin shi ne ki matsar da ƙaramar kalmar zuwa bayan suna. *He turned the light off* daidai ne. *He turned the road off* ba ta da ma'ana. Wadda ta yarda ta matsa ɓangaren aikatau ce, wadda ta kafe harafi ce.

*Pick up* irin ta fitila ce. Da suna, kina da zaɓi: *pick up the file* ko *pick the file up*. Da wakilin suna kuwa babu zaɓi, tsakiya zai shiga: *pick it up*, *turn it off*, *call her back*, *fill it in*, *put them away*. Dalilin yana cikin yadda Turanci ke tsara nauyi a jimla. Ƙarshen jimla wurin sabon labari ne, a nan murya ke sauka da ƙarfi. Wakilin suna kuma ba ya kawo sabon labari, ana cewa *it* ne saboda an riga an san abin da ake nufi, kalma ce mara nauyi da baki ke wucewa da sauri. Don haka ba ta iya riƙe wannan wurin, sai ta koma tsakiya ta bar wa *up* ƙarshe. Ki furta su a fili, ki ji yadda muryarki ke sauka a kan *up* a cikin *pick it up*. Hujjar cewa nauyi ne dalili ita ce, idan karɓau ya yi tsawo sai abin ya juya. Ba a cewa *pick the file that the director signed yesterday up*, domin kafin a kai ga *up* mai sauraro ya manta da *pick*. A nan *pick up the file that the director signed yesterday* ne daidai. Kalmomin nuni ma, da yake suna iya ɗaukar ƙarfin murya, suna zama a ƙarshe: *pick up that* tana yiwuwa idan ana nuna abu da yatsa.

Amma kada ki ɗauki wannan ki shimfiɗa shi ko'ina. Inda ƙaramar kalmar harafi ce ta gaske, wakilin suna bayanta yake zama: *look after him*, *wait for her*, *go through it*, *deal with them*. Ba a cewa *look him after*. Masu kalmomi uku ma haka suke, domin ta ƙarshensu harafi ce: *put up with it*, *catch up with her*, *look forward to it*. Kin ga tambayoyinki biyu sun haɗu a wuri ɗaya. A *look forward to*, *forward* ɓangaren aikatau ce, *to* harafi ce, shi ya sa *it* ke zuwa ƙarshe, shi ya sa kuma aikatau ke ɗaukar *-ing*.

Akwai wani wurin da wakilin suna ke shiga tsakanin aikatau biyu, kuma a nan Hausa kan ja mu wata hanya. Muna cewa "ina so ya tafi", inda "ya" shi ne mai aikin tafiya. Sai mai koyo ya bi sahun wannan ya ce *I want he should go* ko *I want that he goes*. Turanci kuwa sigar karɓau yake ba wannan mutumin, sannan ya kawo *to*: *I want him to go*, *She asked me to wait*, *They allowed us to leave*. Ko da babu aikatau a gabansa, *for* ce ke riƙe shi a wannan sigar: *It is hard for me to explain*. Bayan kowane harafi ma haka, *between you and me*, duk da cewa wasu kan ce *between you and I* suna ganin ya fi nuna ilimi.

*Make* da *let* suna watsar da *to*: *She made him apologise*, *Let me see*. Idan aka juya jimlar *make* aka sa wanda aka yi wa aikin a gaba, *to* ta dawo: *He was made to apologise*. *Help* tana karɓar duka biyun. *Suggest* kuwa ba ta yarda da wannan ginin sam, *I suggested him to go* kuskure ne da nake gani har a rubutun manyan ma'aikata. Abin da ake cewa *I suggested that he should go*, ko *I suggested that he go*. Kalmomin gani da ji suna da nasu zaɓin mai kyau: *I saw him cross the road* na ga ya tsallake titi, daga wannan gefe har wancan, *I saw him crossing the road* na gan shi yana tsallakawa, ban ce ya kai ba. Bambancin "ya tsallake" da "yana tsallakawa" ne daidai wa daida. A rahoto ko shaida wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Idan kuma *-ing* ne ya biyo wakilin suna, za ki ga *Do you mind my asking* da *Do you mind me asking*. Duka biyun daidai ne. Ta farko ta fi dacewa da rubutu na hukuma, ta biyu ita ce ta bakin mutane.

Wasu ƙananan tarkuna

Wasu aikatau ba sa son harafi amma muna cusa musu, wasu suna so amma muna hana su. Da yake muna "tattaunawa a kan" abu, sai *discuss about* ta fito, alhali *discuss the matter* ne. Haka *emphasise on* da *request for* idan aikatau ake nufi, duk kuskure ne, ko da yake sunayensu suna ɗaukar harafin: *emphasis on*, *a request for*. A ɗaya ɓangaren, da yake muna cewa "saurare ni", "jira ni", sai a ji *listen me* da *wait me*, inda Turanci ke buƙatar *listen to me* da *wait for me*. *Explain me* ma haka, *explain it to me* ne. Wasu kuma harafinsu ƙayyadadde ne, kuma bayansa kin riga kin san abin da zai biyo: *insist on going*, *succeed in passing*, *prevent him from leaving*, *accuse her of lying*.

Siga ta uku da *-ing* idan suka zama sifa suna raba mai jawo abu da wanda abin ya shafa. *I am bored* na ƙosa, *I am boring* ni ne mai ƙosar da mutane. *I had the letter typed* na sa an buga mini wasiƙar, ba ni na buga ba. Idan kuma kika buɗe jimla da *-ing*, mai aikin dole ya zama wanda ya zo nan take bayan waƙafi. *Having read your report, the figures are wrong* ta sa alƙaluma ne suka karanta rahoto. Gyaranta *Having read your report, I find the figures wrong*.

Akwai kuma dokoki biyu da za a iya karanto miki waɗanda ban ɗauke su doka ba. Wai ba a ƙare jimla da harafi, wai kuma ba a sa wata kalma tsakanin *to* da aikatau. Ta farko ana danganta farkonta da marubuci John Dryden, wanda ya soki irin wannan ginin a 1672, ta biyu kuma ta yi ƙarfi ne a ƙarni na 19, musamman bayan sukar da malamin cocin Ingila Henry Alford ya rubuta a 1864. Ra'ayin mutane ne game da salo, harshen kansa bai taɓa bin su ba. *Who are you waiting for* Turanci ne lafiyayye, *to fully understand* ma haka. Idan wanda zai sa hannu a wasiƙarki yana ƙyamar su, ki kauce musu don zaman lafiya, amma ki sani ba irin kuskuren *look forward to see* ba ne.

Iyakar abin da ƙa'ida za ta yi miki ke nan: za ta gaya miki abin da ke biyo harafi, ta bambance miki *to* biyu, ta nuna miki mazaunin wakilin suna. Ba za ta gaya miki cewa *depend* da *on* take tafiya ba, ko cewa *avoid* ba ta son *to*. Su kansu masu harshen ba su daidaita a komai ba. Ba'amurke zai ce *write me*, mutumin Ingila ya ce *write to me*. A Amurka ana *fill out* takarda, a Ingila an fi *fill in*. A Ingila kina iya jin *prevent him leaving* babu *from*, abin da Ba'amurke bai saba da shi ba. A irin waɗannan ki zaɓi salon da wurin aikinki ke bi, ki tsaya a kai.

Shawarar da nake ba duk wanda ke rubutu kullum irinki ita ce ya daina koyon aikatau shi kaɗai. Kada ki rubuta *suggest* a littafinki da ma'anarta a gefe, ki rubuta *suggest doing something* da *suggest that somebody should do something*. Kada ki rubuta *pick up*, ki rubuta *pick something up*, da *something* ɗin a tsakiya, sannan *look after somebody* da *somebody* a ƙarshe. Ƙamusun da aka yi musamman don masu koyo, irin na Oxford da Longman da Cambridge, haka suke jera kalmominsu, suna nuna ginin da baƙin rubutu kafin misali, wasu ma suna sa 'yar kibiya mai kai biyu don nuna cewa ƙaramar kalmar tana iya matsawa. Yawancin masu buɗe ƙamus ma'ana kawai suke dubawa su rufe, su tsallake wannan layin. Ki ɗauko wasiƙunki na baya, ki ja layi a ƙarƙashin kowace *to* da ke gaban aikatau, ki gwada ta da *it*, sannan ki duba duk aikatau ɗin da kika yi shakka a kansa a irin wannan ƙamus.